Abin Da Ya Sa Ban Tashi Daga Kujerata Ba

Jawabin 'yar majalisa Eulogia Tarqui a babban taron jama'ar Kollpani

Shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar mahaƙan kuza, Don Severino Yujra, iyayenmu dattawan ƙauyuka, da kuka sauko daga kan duwatsu da sandunan mulkinku a hannu, Fada mai kula da majami'armu, da nake hangowa a bakin ƙofa, magajin gari da kansilolinsa, malaman makaranta, matan kasuwa, waɗanda na yi shekaru ina baje dankalina kusa da nasu, iyayena da 'yan'uwana mata masu tsintar kuza a jujin duwatsu da tsagaggun hannuwa, mahaƙan da suka fito daga rami ko hular kwano ba su tsaya cirewa ba, samarin da suka hau rufin gidan waya don su ji daɗin yi mini ihu daga sama, jama'ar Kollpani baki ɗaya, da waɗanda suka zo saurare da waɗanda suka zo jifa: ina gaishe ku duka, barkanku da zuwa.

Godiyata ta farko ga Don Severino take. Na samu labarin cewa wasu sun so a yanke mini hukunci ina can babban birni, shi ya buga tebur ya ce ba za a ɗaga hannu a kan mace ba sai ta tsaya a gaban jama'a ta buɗe bakinta. Na san bai yarda da abin da na yi ba, ya faɗa mini ido da ido, shi ya sa godiyar ta fi nauyi. Ina gode wa direban babbar motar da ya yarda ya ɗauko ni a kan buhunan albasa bayan sauran direbobi sun ce motarsu ta cika. Har waɗanda suka farfasa tagogin gidana ina yi musu godiya, tunda sun jira sai da tsohuwar surukata ta tafi coci kafin su fara.

Kun taru yau ne don ku ɗaga hannu a kan magana ɗaya: ko in ajiye kujerar da kuka ba ni a majalisa, ko in ci gaba da zama a kanta. Laifin da ake ɗora mini shi ne na ci amanar jam'iyya, na miƙa mulkin ƙasar nan ga Marcelino Iriarte. To ku ji tun daga farko, don kada wani ya ɓata lokacinsa yana jiran hawaye: ban zo neman gafara ba. Na zo ne in faɗa muku abin da ya faru, yadda ya faru, da dalilin da ya sa ko gobe aka mayar da ni wannan zaure, abin da na yi shi zan sake yi.

Magana ta farko, abin da doka ta ce. Akwai masu gaya muku wai wannan batu na lauyoyi ne. Ba na lauyoyi ba ne, naku ne, kuma bai fi ƙarfin kowa a nan ba. Kun fita kun yi zaɓe. 'Yan takara sun yi yawa, ba wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'un ƙasa. Iriarte, ɗan takarar masu gonakin rake da masu bankuna, ya zo na ɗaya da 'yar tazara. Namu, Lisandro Arteaga, wanda na bi ƙauye-ƙauye ina yi wa kamfe har muryata ta dishe, ya zo na biyu. Kundin tsarin mulki ya ce idan haka ta faru, majalisa ce za ta zauna ta zaɓi ɗaya daga cikin biyun da ke kan gaba, kowane ɗan majalisa ya miƙe tsaye ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa. Idan aka yi kunnen doki, a sake. Idan aka kuma yi, a sake na uku. Idan na ukun ma ya tashi canjaras, to magana ta koma wurinku: wanda ya fi yawan ƙuri'ar jama'a ranar zaɓe, shi ne shugaban ƙasa. Ba a jefa kwabo sama, ba a tambayar bishop, ba a buga waya bariki. Sai kuma sharaɗi ɗaya: zama ba ya halatta sai fiye da rabin 'yan majalisa suna cikin zauren. Mu ɗari da talatin ne, don haka sai an ƙirga kai sittin da shida.

Wa ya kawo wannan sashe da ya ce a koma ga ƙuri'ar jama'a? Ba Iriarte ba ne. Mu ne. Dakta Olmedo Zegarra, jagoran 'yan jam'iyyarmu a majalisa, shi ya tsaya ya kare shi, a lokacin da muke ganin mu ne za mu zo na ɗaya. Har yau ina jin muryarsa yana cewa, "Jama'a su ne alƙali na ƙarshe!" Na tafa masa har tafina ya yi zafi. A nan dandalin ma an sa jawabin a lasifika, kun tafa. Doka ce mai kyau ranar da muka zaci mu za ta yi wa aiki. To yaushe ta lalace? Ranar da ta juyo ta kalle mu?

Magana ta biyu, abin da ya faru a ɗakin da ba ku gani ba.

An yi ƙuri'a ta farko da safe: sittin da biyar, sittin da biyar. An yi ta biyu kafin rana ta take, ba wanda ya motsa daga inda yake. Shugaban majalisa ya ba da hutun cin abinci. Dakta Zegarra ya tara mu a wani ɗaki a bene na biyu, aka rufe ƙofa, aka kawo miyar gyaɗa da ba wanda ya taɓa sai ni.

Ya ce, "Lissafin a fili yake. Ƙuri'a ta uku, ko kunnen doki aka yi, Iriarte ya ci. Saboda haka ba za a yi ta uku ba. Da an kaɗa ƙararrawa, kowa ya ɗauki hularsa ya fita. Su sittin da biyar ne, ba su isa zama ba. Gobe ma haka, jibi ma haka."

Na ajiye cokali na ce, "Dakta, wa'adin shugaba mai ci fa zai ƙare ranar bikin 'yancin kai da tsakar rana. Idan lokacin ya yi babu shugaba, wa zai riƙe ƙasar?"

Ya yi irin murmushin nan da ake yi wa mai aikin gida idan ta sa baki a hirar baƙi. Ya ce, "Baiwar Allah, bar wa manya wannan. An riga an yi magana."

Na ce, "Da wa?"

Kowa ya kau da kai. Amma na ga idanu suna komawa wajen taga. Na tashi na leƙa. A ƙasa, a bayan babbar majami'a, motocin soja ne jere, an lulluɓe bayansu da tamfol, ƙafafun yara cikin manyan takalma suna leƙowa ta ƙasa.

Dakta ya ce, "Janar, babban hafsan sojojinmu, mutum ne mai kishin ƙasa. Zai riƙe na 'yan watanni kawai, a shirya sabon zaɓe, mu ci da rinjaye. Ya yi mana alkawari."

Na ce, "Na taɓa jin wannan alkawarin, Dakta. Wancan janar ɗin ma 'yan watanni ya ce. Kafin ya sauka, 'yata da nake goye da ita ta shiga makaranta har ta iya rubuta sunan ubanta."

Don Cirilo Apaza, dattijon da ke wakiltar mutanen bakin tafki, wanda kujerarsa ke kusa da tawa, ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "'Yar'uwa, ni ma gabana faɗuwa yake yi. Amma jam'iyya ta yanke. Mutum ɗaya ba ya ja da jam'iyya."

Aka ce a ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga, ni ban ɗaga ba. Kuma ku ji wannan da kyau, domin an ce muku na yaudare su, na bari sai a zaure na soke su ta baya. Ƙarya ne. A wannan ɗaki, a gabansu duka, na ce, "Ni ba zan fita ba. Zan zauna, zan zaɓi Arteaga, amma ba zan fita ba."

Dakta ya ce, "Za ki fita, ko da ɗaukar ki za a yi."

Na ce, "To a nemo majiya ƙarfi, don ni kaɗai na ci abinci a nan."

Ba wanda ya yi dariya. Ba su ɗauka da gaske nake ba. Sun saba ganin ina kawo musu ganyen koka na taunawa daga gida, sun saba ganin an tura ni gaba da bujena da malafata duk ranar da masu ɗaukar hoto suka zo. Sun zaci ado ce ni.

Magana ta uku ta samarin da ke kan rufi ce. Ku yi ta ihu, na ji ku. Na ji wanda ya kunna nakiya a bayan kasuwa ma. Ya yi haƙuri, a cikin ƙarar nakiya aka haife ni, ba ta hana ni ƙarasa magana. Amma yawancinku kuna shan nono lokacin da abin da zan faɗa ya faru, don haka ku saurara, in kun koma gida ku tambayi iyayenku mata ko na ƙara ko na rage.

Mijina Nicanor, bayan huhunsa ya gaza da ƙurar rami, ƙungiya ta sa shi a gidan rediyon mahaƙa, wancan ɗakin mai shuɗiyar ƙofa da yanzu ake ajiye siminti a ciki. Shi ke karanta sanarwa da safe: wa aka haifa, wa ya rasu, lamar wa ta ɓace, wato ɗan raƙuminmu na kan dutse, yaushe za a raba sukari a kantin kamfani. Wata safiyar ranar kasuwa, ina soya masara, rediyo na kan taga, yana cikin karanta sanarwar bikin aure. Ya faɗi sunan ango. Bai faɗi sunan amarya ba. Muka ji an bugi ƙofa, muka ji ya ce, "Ku dakata mana, ana jin mu," sai rediyo ya koma shuu. Ba ni kaɗai na ji ba. Duk matar da ke da rediyo a Kollpani ta ji. Muka fito da cokula a hannu muna duban juna, sai ga motoci masu tamfol suna gangarowa daga hanyar tashar jirgin ƙasa.

Ban sake ganinsa ba. Na bi barikoki ɗaya bayan ɗaya da yarinya a baya. A wani wurin aka ce ya tsallaka iyaka, a wani wurin aka ce ya gudu da wata mace, wani hafsa ma ya ce mini, "Ke, ina takardar da ta nuna an taɓa haifar wannan mutumin?" Har yau ba ni da kabarin da zan kai wa burodi da fure ranar tunawa da matattu. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ina ganin fuskoki a nan gaba, ba zan kira suna ba, kun san kanku.

Wancan janar ɗin ma ba da kansa ya shigo ba. Buɗe masa ƙofa aka yi. 'Yan siyasa ne suka kasa shiryawa a majalisa, kowane ɓangare yana ganin idan soja ya zo abokin hamayyarsa zai daka. Da ya zo, bai tambayi kowa katin jam'iyya ba. Manyan suka hau jirgi suka tafi gudun hijira, ba na zarginsu, rai abin gudu da shi ne. Amma Kollpani ba ta da filin jirgi. Mu aka bari da su.

Magana ta huɗu, abin da ya faru a zaure, tunda rediyo ya kawo muku hayaniya ne kawai.

Aka kaɗa ƙararrawa. Dakta Zegarra ya miƙe, ya yi 'yar magana a kan maguɗi da mutuncin talaka, ya sa kwat ɗinsa. Duk ɓangarenmu ya miƙe kamar mutum ɗaya. Ni ina zaune. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, na damƙe hannun kujera har yatsuna suka mutu. Mutanen da na yi shekaru ina cin abinci da su suna wucewa ta bayana, wannan ya ce, "Tashi mana, Eulogia," wancan ya ce, "Nawa aka ba ki?" Wani ya ja mayafina ta baya, ƙugiyar ta ɓalle, ya tafi da shi a hannu. Har yau bai dawo mini da shi ba. In yana jina a rediyo, na uwata ne, ina son abina.

Don Cirilo ne ya fita a ƙarshe. Ya tsaya a kaina. Na ce, "Baba, zauna, mu zama biyu." Ya ce, "Ina da jikoki, 'yar'uwa." Na ce, "Don su nake cewa ka zauna." Ya girgiza kai ya tafi. Ba na ƙin sa. Tsoho ne mai kirki, tsoro ne ya fi ƙarfinsa, kuma ni ma saura kaɗan ya fi ƙarfina.

Sai ga rabin zaure fayau, kujeru sittin da huɗu babu kowa, ni kaɗai a tsakiya ba mayafi. Mutanen Iriarte suka fara tafi. Akwai wani mai ƙaton tumbi daga yankin rake, wanda tun ranar da na fara shiga majalisa yake toshe hanci in na wuce, yana kirana mai dankali. Shi ne ya fi kowa tafi, yana cewa, "Madalla da Honarabul! Jaruma!" Na juya na ce masa, "Rufe mini baki. Ba don kai na zauna ba. Ka ajiye tafinka, za ka buƙaci hannuwan nan ka toshe kunne da su shekara huɗu."

Shugaban majalisa ya sa akawu ya ƙirga kai. Sittin da shida. Ya ce zama ya halatta. Aka fara kiran suna. Da aka zo kaina na miƙe, na ɗaga murya yadda za a ji har waje, na ce, "Lisandro Arteaga!" Wannan ita ce ƙuri'ar Kollpani, kuma ita ce kaɗai ƙuri'ar da ɗan takararmu ya samu a zagaye na uku, domin sauran masu ƙaunarsa suna kan matakala suna magana da 'yan jarida. Iriarte sittin da biyar, Arteaga ɗaya. Da sun zauna, da an tashi canjaras, da Iriarte ya ci ta hanyar ƙuri'ar jama'a, mu kuma mu fito da kanmu a sama. Ko ta wace hanya aka bi cikin doka, shi ne. Hanya ɗaya ce tak ba ta kai gare shi, ita ce wadda ta bi ta bayan babbar majami'a.

Kafin la'asar motocin suka tayar da inji suka koma inda suka fito. Da yamma Janar ya shiga rediyo yana taya sabon shugaba murna, yana cewa soja bawan tsarin mulki ne. Kun ji shi. Muryarsa kamar ta wanda aka ɗauke wa kwano yana shirin sa hannu. Washegari jam'iyya ta kore ni. Arteaga, wanda na bi duwatsu dominsa, bai kira ni ba, bai aiko ba. Na ji ya gaya wa 'yan jarida wai an saye ni. To ga ni. Kun san gidana, yanzu ma kun fi sanin cikinsa tunda ba taga. Kun ga motar da ta kawo ni. Duk wanda ya san abin da aka ba ni, ya hau nan ya faɗa, Don Severino zai ba shi lasifika. Ina jira.

Babu? To mu ci gaba.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ba zan yi mata wasa ba. Da na sauka daga mota jiya, na nufi rumfar Doña Basilia, uwar baftismar 'yata, matar da ta riƙe ni a ƙirjinta ranar da rediyo ya yi shiru, matar da ta ciyar da ni wata da watanni ina yawon barikoki. Na gaishe ta. Ta ci gaba da juya kunun masararta kamar ba ta ji ba. Na ce, "Yaya Basilia, ko kofi ɗaya ba za a ba ni ba?" Sai ta ɗago ta ce, "Eulogia, 'ya'yana uku suna cikin ramin nan. Mutumin da kika ɗora ya ce zai rufe shi. In an rufe, kundin naki za mu dafa mu ci?"

Ban ba ta amsa a wurin ba. Duk zagin da aka yi mini a birni bai taɓa ni ba kamar wannan tambaya. Yaya Basilia, na gan ki can kusa da famfo. Ga amsata yanzu, a gaban kowa.

Gaskiyarki. Iriarte ba masoyinmu ba ne. Ya faɗa a kamfe cewa ramukan gwamnati asara ne, kuma na yarda zai yi ƙoƙarin rufe namu. Ban zo in ce muku alheri ya sauka ba. Wahala na tafe. Amma ku dubi irin abokin gaban da na bar muku. Na bar muku mutumin da ke da wa'adi, ranar saukarsa a rubuce take. Na bar muku mutumin da ba ya iya taɓa ramin nan sai ya kawo doka majalisa, majalisar da rabinta ba nasa ba ne. Na bar muku mutumin da za ku iya yi wa yajin aiki, ku tare masa hanya da duwatsu, ku taka da ƙafa har ƙofar fadarsa da hulunan kwanonku, ku zage shi a rediyo da safe, ku kwana a gidajenku da dare. Wannan taron da kuke yi yanzu, da lasifika, da nakiya, da samari a kan rufi suna zagin 'yar majalisa, ku gaya mini, a ƙarƙashin wane janar aka taɓa yin irinsa a Kollpani? Da na tashi daga kujerar nan, da yau ba ku taru kuna shawarar korata ba. Da Don Severino yana ɓoye a wani tsohon rami, da 'ya'yanki uku, Yaya Basilia, ba aikinsu kike tsoron rasawa ba.

Shugaban da ba na so, ina iya yaƙarsa. Na san yadda ake yi, ku kuka koya mini. Wanda ban san yadda ake yaƙa ba shi ne wanda ke cewa a kawo takardar da ta nuna an taɓa haifar mijina.

Ana ce mini na raba kan jam'iyya. Jam'iyya mu muka gina ta, a ɗakunan girki, lokacin da faɗin sunanta ma laifi ne. Mun gina ta ne don kada a sake mulkin ƙasar nan daga bariki. In yau shugabanninta sun ga faɗuwa zaɓe ta fi zuwan soja ciwo, to ba ni na bar jam'iyya ba, su suka ɗauki hula suka fita, ni ina nan inda aka ajiye ni. Faɗuwa zaɓe ba mutuwa ba ce. An kayar da mu da 'yar tazara. Mu koma ƙauyukan da ba mu je ba, mu shawo kan mutanen da ba mu shawo ba, mu dawo. Haka ake yi. Wanda ya yarda da doka ranar da ta ba shi kawai, bai taɓa yarda da ita ba.

Saboda haka ga matsayina, Shugaba, a rubuta shi yadda na faɗa. Ba zan ajiye kujera don Dakta Zegarra ya ji daɗi ba. Ba zan ajiye ta don an fasa mini taga ba. Ranar da dokar rufe ramuka ta iso majalisa, ina so ta tarar da ni a zaune, kuma ina roƙon Allah wannan karon 'yan'uwana su zauna tare da ni, domin da ƙafa ba a kayar da doka, da ƙuri'a ake yi. Amma kujerar taku ce. Ku kuka ba ni, ba jam'iyya ba. In kuka ɗaga hannu yau, mafi yawanku suka ce in sauka, zan sauka, ba zan kai ƙara ko'ina ba, ba zan kira kowa ya zo ya cece ni ba. Zan koma rumfata a kasuwa, in ranar tattaki ta zo ku same ni a sahun gaba da tukunyar abinci. Ba zan ce muku ku bi ƙa'ida a birni ni kuma in ƙi bin ta a gida ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda zai ɗaga hannu a kaina, ya ɗaga shi sama sosai, da rana tsaka, fuskarsa a buɗe, yadda na faɗi tawa ƙuri'ar. Kada wanda ya ji tsoro, ba mai rubuta sunan kowa, ba mai zuwa gidan kowa. Kada kuma wanda ya sulale ta bayan kasuwa don ya ga ɓangarensa zai sha kaye. Ku tsaya a ƙirga ku.

Allah Ya tsare mana waɗanda ke cikin rami a wannan sa'a, Ya fito da su lafiya ga iyalansu. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka binne, da waɗanda ba a ba mu gawarsu mun binne ba. Allah Ya ba dattawanmu tsawon rai, Ya ba gonakin kan dutse ruwa a kan kari, Ya kare dankalinmu daga ƙanƙara. Allah Ya ba samarin kan rufi shekarun da za su yi ta zagin shugabanninsu a fili ba wanda ya taɓa su, Ya kuma sauko da su ba tare da kowa ya karye ba. Allah Ya sa motocin da suka koma bariki su yi tsatsa a can. Allah Ya bar Kollpani a raye, da ni a majalisa ko ba ni.

Don Severino, na gama. Ga lasifikarka. Zan tsaya a nan gefenka har a ƙirga hannu na ƙarshe.

Na gode.